Ilimin Hannu Tsakanin Rubutu da Bidiyo

Mai sana'ar hannu da ke son isar da abin da ya iya ga waɗanda ba su zauna a gabansa ba yana fuskantar tambayar da ta girmi kyamara da intanet, wato ko ilimin da ke cikin hannu zai iya shiga takarda ba tare da ya ragu ba. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya bayyana sana'a da cewa malaka ce, ma'ana ƙwarewar da ke kafuwa a jiki ta hanyar maimaita aiki, kuma ya fifita koyo ta gani da ido a kan koyo ta jin labari. Bisa wannan ra'ayi bidiyo ya fi kusa da zaman ɗan koyo a gaban gwani, domin marini a Ƙofar Mata da ke Kano zai iya nuna yadda zane ke fitowa daga karofi yana kore-kore, sannan iska ta mayar da shi shuɗi.

Sai dai ido motsi yake kamawa, sau da yawa dalili yakan kuɓuce masa. Rubutu ne ke tilasta wa gwani ya tsaya ya bayyana abin da ya sa ake haɗa baba da toka da katsi a bar su kwanaki su tsima, kuma wanda ya fahimci dalilin shi ne zai iya gyara ruwan rini idan ya ɓaci, alhali mai kwaikwayon hoto kawai sai dai ya zubar ya sake.