Tseren Ƙarshen Kaka: Jarumta Ce Ko Ganganci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu rai da lafiya amana. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, dalilin wannan ɗan rubutu shi ne wata tambaya da wani saurayi ya yi mini a Yashe, bayan mun tashi daga karatu tsakanin Magariba da Isha'i. Ya jira mutane suka watse, kana ya matso ya ce: "Malam, tun da aka kwashe amfanin gona muke tseren babur da abokaina duk mako a bayan gari. Mukan ratsa gonaki, mu bi burji, mu hau kwalta kaɗan, mu sauko. Kowa yakan zuba kuɗi, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Ni ne a gaba bana, saura na ƙarshe kawai. Innata ta ce in bari. In na janye yanzu za a ce tsoro na ji, kuma na riga na yi alkawari. Yaya zan yi?"

Na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, shi ya sa na ga ya kamata in amsa ta a rubuce.

Tsere ba haram ba ne

Ka sani, Musulunci bai hana tsere ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shirya sukuwa a Madina. Dawakin da aka hora suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, kimanin mil biyar ko shida. Waɗanda ba a hora ba aka ba su zango gajere, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil guda. Shi da kansa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata. Saboda haka duk wanda ya ce maka son gasa da son gwada ƙarfi aikin banza ne, to bai karanta ba. Allah ne Ya halicci saurayi da zafin jini, ba kuwa a neme ka da ka zama tsoho tun kana ɗan shekara ashirin ba.

Amma dubi sukuwar nan da kyau. An zaɓi wuri, an san mafari da maƙura, an raba dawaki gwargwadon ƙarfinsu, shugaba ne kuma ya tsaya a kai. Watau tsari ya riga gudu.

Yadda masu abin suke yi

Irin tseren da kuke kwaikwayo, na haɗa ƙasa da kwalta a gajeren zagaye, Turawa suna kiransa ralikuros. An fara shi a shekarar 1967 a filin Lydden da ke Ingila, a 2014 kuma aka mai da shi gasar duniya. Akwai na ƙwararru, akwai na masu sha'awa waɗanda ke gyara tsohuwar mota da kuɗin aljihunsu, su tara maki zagaye bayan zagaye har ƙarshen shekara. To amma ko ƙaramin cikinsu ba ya shiga fili sai an duba motarsa. A cikinta akwai ƙarafan da ke tare rufin in ta kife, direba yana ɗaure da ɗamara, da hular kwano a kansa. Filin a killace yake, 'yan kallo suna bayan shinge, motar asibiti tana tsaye, akwai masu tuta da za su tsai da tsere in wani ya faɗi.

Ba haka kawai suka koyi wannan ba, da gawarwaki suka koya. A 1955, a tseren Le Mans na ƙasar Faransa, mota ta tarwatse cikin taro, mutane fiye da 80 suka mutu. Tseren Dakar, wanda ya fara tashi daga Paris a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a nan maƙwabta Nijar. Wanda ya ƙirƙiro shi, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986, ana tsakiyar tseren. A 2006 motocin tseren suka kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Yaran nan ba su shiga gasa ba, ba su zuba ko kwabo ba, a ƙasarsu suke. Tun 2009 tseren ya bar Afirka ta Yamma, daga 2020 kuwa a Saudiyya ake yinsa.

To idan masu jirage da likitoci da injiniyoyi ba su tsira daga ɗaukar rai ba, kai fa, mai silifas a ƙafa, ba hula, birkinka kuwa tun bara bakanike ya ce a canza?

Ran wane ne?

Saurayi yakan ce: "Ai raina ne, in na faɗi ni na faɗi." Wannan magana kuskure biyu ne a cikinta.

Na farko, ran ba naka ba ne, ajiya ce. Ba kai ka yi shi ba, ba kuwa kai za ka sa ranar karɓarsa ba. Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mutum ya kai kansa ga halaka, Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta hana kashe kai. Wanda aka ba ajiyar buhun gero ba ya caca da shi, balle wanda aka ba ajiyar rai.

Na biyu, ba kai kaɗai kake kan hanya ba. Yashe gari ne na bakin titi. Hanyar Kano zuwa Katsina ta nan ta bi, ga kuma wadda ta fito daga Funtuwa ta Malumfashi. Tirela, da motar haya, da amalanken shanu, da yarinya mai talla, da almajiri, duk kansu suke. Wanda ke gudun kilomita 100 a awa, cikin daƙiƙa guda ya ci kusan mita 28. Kafin ƙafarka ta kai ga birki ka wuce tsawon gida. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ta ninka sau huɗu, a kan tsakuwa ma ta fi haka. Wannan lissafi ne, ba ya sanin jarumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Watau ku.

Malamanmu sun gama wannan magana tun kafin a ƙera babur. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora wa mahayi da mai ja da mai kora lamunin abin da dabbarsu ta taka. In kuwa rai ya salwanta bisa kuskure, Suratun Nisa'i aya ta 92 ta wajabta diyya, wadda Sunna ta ƙayyade da raƙuma ɗari, sannan ga kaffara: wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba, azumin wata biyu a jere. Wannan ga wanda ya yi kuskure ke nan. Yaya kake gani ga wanda aka gargaɗe shi, ya ji, ya take?

"Ai kowa da ajalinsa"

Gaskiya ne, ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Amma ba a kafa hujja da ƙaddara a kan sakaci. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham, labari ya iske shi a hanya cewa annoba ta ɓarke, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya yi masa maganar ƙaddara, Umar ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Akwai wanda zai ce Umar matsoraci ne? Kai da kanka ba ka cewa "in Allah Ya nufa zan girbe" ka ƙi yin shuka. Don me tawakkalinka ba ya tashi sai a kan babur?

Wani zai ce, "Malam, ai doki ma yana kā da mutum." Haka ne. Noma ma akwai maciji, tafiya Kano ma akwai haɗari. Shari'a ba ta ce a guje wa duk abin da ke da haɗari ba, in da haka ne ba wanda zai fita gida. Abin da ake aunawa uku ne: shin kuɓuta ce ta fi rinjaye ko halaka? An ɗauki matakin kariya gwargwadon iko? Kuma haɗarin ya tsaya kan wanda ya yarda da shi, ko ya tsallaka kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba? Ɗora tserenku a kan wannan sikeli ka gani da idonka.

Maganar kuɗin da ake zubawa

Kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, saura su tafi da hasara: wannan caca ce, ko da an sa mata suna "kyauta". Suratul Ma'ida aya ta 90 ta jera ta tare da giya. Hadisin Abu Huraira ya keɓe sanya lada a gasa ga abu uku: harbi, da raƙuma, da dawaki. Ko a cikinsu ma, ra'ayin Imamu Malik shi ne mutum guda ya fitar da kyautar. In wani ya ci ya ɗauka, in shi mai fitarwa ne ya ci, sai ta wuce ga wanda ke biye da shi, ba ta komawa aljihunsa. Dubi hikima: an toshe ƙofar da mutum zai shiga gasa don cin dukiyar ɗan'uwansa. Kuɗin nan kuwa daga ina suka fito? Daga wake da gyaɗar da aka sha rana a kansu wata huɗu, a gidan da watakila hatsi ba zai kai damina ba.

Alkawari da jin kunya

Saura abin da ya fi damun mai tambaya, watau kada a ce ya ji tsoro. Alkawari abu ne mai nauyi, amma ba a cika alkawarin saɓo. Ko rantsuwa mutum ya yi, ya ga waninta ya fi alheri, Sunna ta umarce shi ya yi kaffara ya bi abin da ya fi. Ga kuma mahaifiya ta ce a bari. Manzon Allah (S.A.W.) ya mai da wani mutum gida wurin iyayensa alhali jihadi ya zo nema. In an mai da mai neman jihadi saboda iyaye, ina ga mai neman tafi a bayan gari?

Kuma ka tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah: in da ba mai kallo, ba mai ɗauka da waya, za ka shiga kwanar nan da wannan gudu? In amsar a'a ce, to ba gudun kake so ba, idon mutane kake so. Ashe kai ma tsoro ne ke tuƙa ka, tsoron bakin abokai. Jarumi shi ne wanda ya iya riƙe kansa sa'ad da jini ya hau, kamar yadda Sunna ta koyar game da mai danne fushi.

Na ɗaya kuwa ba ya tabbata. Manzon Allah (S.A.W.) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, shi kuwa ya karantar da su cewa duk abin da ya ɗaukaka a duniya akwai ranar saukarsa. Kai ne a gaba bana. Baɗi wani yaro zai sayi sabon babur. Masu yi maka kirari yau, in ƙafa ta karye, kwana uku za su yi suna zuwa dubiya. Mai wanke ka da juya ka a shimfiɗa ita ce wadda ta ce ka bari.

Abin da na ba shi shawara

Na ce masa: je ka wurin abokanka tun kafin ranar, kada ka ɓuya. Ka gaya musu a fili cewa ka janye, ka faɗi dalili. Kuɗin da ka ci a baya ka mayar wa masu su, ka tuba. In kuma da gaske kuna son wannan wasa, to ku shiga ta ƙofa: ku sami mai gari da hukuma, ku nemi fili nesa da titi da gidaje da izinin mai shi, ku nemi shawarar jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu tun 1988 saboda irin wannan. Kowa da hular kwano da takalmi, a duba birki da taya, a nisantar da yara, a ajiye mota da ma'aikacin lafiya, a bar zuba kuɗi, a tsaya in lokacin salla ya yi, kowa kuma da yardar iyayensa. In waɗannan sun samu, ba ni da ta cewa. In ba su samu ba, haƙuri ya zama dole.

Ya yi shiru, kana ya ce, "Malam, za su yi mini dariya." Na ce za su yi, mako guda ko biyu. Wanne ya fi sauƙi, wannan, ko tsayawa gaban mahaifin yaron da ka take?

Ya ɗan'uwa, ƙarfin nan da kake ji a jikinka za a tambaye ka a kan me ka ƙarar da shi. Allah Ya tsare mana samarinmu, Ya kiyaye mu daga mummunar ƙaddara, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.