Makullin Wayarka: Amana Ka Kulle Ko Laifi?



Wata baiwar Allah ta aiko min da tambaya a makon jiya. Ta ce shekararsu goma sha ɗaya da aure, ba ta taɓa zargin maigidanta da komai ba. Kwanan nan sai ta lura ya canza lambar buɗe wayarsa, a cikin wayar ma akwai wata folda da ya sa wa makulli na daban. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonta. Ta ce: "Malam, mai gaskiya yana kulle waya? Kuma in na bari ya yi barci na ɗora yatsansa na buɗe, na yi laifi?"

Na ga gara amsar ta fito fili, don tambayar ta shafi kusan kowane gida.

E, mai gaskiya yana kulle waya. A wannan zamani ma barin waya a buɗe sakaci ne da amana. Ɗan'uwa, duba wayarka ka ƙirga abin da yake naka kai kaɗai. Hoton iyalinka a ɗaki babu mayafi, mutuncinta ne. Saƙon muryar da ƙanwarka ta turo tana kuka kan aurenta, sirrinta ne. Takardar asibitin da amininka ya turo don ka taya shi neman kuɗin magani, tasa ce. In kai mai shago ne, jerin sunayen waɗanda kake bi bashi rufin asirin maƙwabtanka ne. Duk ajiya aka ba ka, kuma mai ajiya shi ake tambaya in kaya suka salwanta ta hanyar ganganci.

Waya kuma ba ta zama a hannu ɗaya. Yaro zai karɓa ya yi wasa, aboki zai ara ya yi kira, za ta lalace ta kwana uku a wajen mai gyara, ko ɗan ƙwace ya fizge ta. Ɓarawon waya na yanzu har ya fi kwaɗayin layin da ke ciki, domin ta layin ake turo lambobin tabbatarwa na banki da na WhatsApp. Ya shiga asusunka, sannan ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kuɗi da sunanka.

Don haka a kulle, kuma a kulle da kyau. Lambar sirri mai lambobi 4 tana da fuskoki 10,000, mai lambobi 6 kuwa miliyan ɗaya. Amma in 1234 ka sa ko shekarar haihuwarka, ai ka rataye mabuɗi ne a jikin ƙofa. Shi ma layin a sa masa tasa lambar, wadda in aka kuskure ta sau uku yake toshewa. Wayoyin Samsung suna da Secure Folder, manhajar Files ta Google tana da folda mai makulli, iPhone tun 2022 tana kulle hotunan da aka ɓoye, WhatsApp kuma a 2023 ya kawo hanyar kulle hira guda ɗaya. Wanda ya yi amfani da waɗannan don ya tsare mutuncin mutane, ina fatan ma yana da lada.

Addininmu ya riga waya sanin darajar ƙofa. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. A aya ta 58 an ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin da ake rage tufafi, da bayan sallar Isha'i. Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Manzon Allah (SAW) ta wata kafa, Annabi ya nuna matuƙar ɓacin rai, ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Ga kuma Huzaifa ɗan Yaman (RA), wanda aka ba sunayen munafukai ya riƙe. Umar (RA) da girmansa bai samu jerin sunayen nan a wajensa ba. Riƙe sirri har a gaban makusanci hali ne na mutanen kirki.

To, 'yar'uwa mai tambaya, mu zo kan yatsan mai barci. Kada ki yi. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta jero abubuwa uku da aka hana: yawan zato, sai binciken asirin mutane, sai giba. Ki lura da jerin, don haka cutar take tafiya. Zato ne yake tura hannu cikin waya, abin da hannu ya tono kuma baki ne yake kai wa ƙawa. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa an hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa cikin dare da nufin ya kama su da laifi. In an hana miji wannan, an hana mata irinsa. Maigidan da yake ɗaukar wayar matarsa in ta shiga wanka, da kai ma nake.

Ki ma tambayi kanki, in kin buɗe me za ki samu? Wataƙila babu komai, amma kin koya wa zuciyarki hanya, gobe ma sai kin koma. Wataƙila sirrin wani ne da ya ba mijinki amana, kin ɗauki nauyin da ba naki ba. Wataƙila rabin magana ce, ki gina mata gida a ranki alhali ba ki san mafarinta ba. Aure da yawa ya mutu a kan saƙo guda da ba a karanta wanda ya gabace shi ba. Ki same shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce masa kin ga sauyi kuma ya dame ki. In akwai alamu masu ƙarfi na cutarwa, shari'a ba ta bar ki haka ba: aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta nuna a kira mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki. Iyaye da ƙananan yara kuwa hukuncinsu daban, kula da wayar yaro tarbiyya ce, kuma ya fi kyau yaron ya san ana dubawa.

Kai kuma mai makulli, kada ka ji daɗi ka ce Malam ya goya maka baya. Haƙƙinka ne ka kulle, haƙƙinta ne kada ka bar ta cikin wasiwasi. Ka tuna daren da Annabi (SAW) ya fito daga i'itikafi yana raka matarsa Safiyya (RA), wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya sanar da su cewa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Mafi tsarkin halitta ya yi bayanin da ba a tambaye shi ba. Kai me zai rage ka in ka ce wa uwargida: "Foldar nan takardun aiki ne da saƙonnin mutane da suka ba ni amana"? Magana ce ta minti ɗaya, za ta mayar mata da barcinta.

Sharaɗin dai maganar ta zama gaskiya. Nan ne wajen da yake da nauyi, kuma ni da nake rubutu ban cire kaina ba. Akwai manhajojin da in ka gan su a waya sai ka ɗauka kalkuleta ce, har lissafi suna yi, sai an danna wasu lambobi sannan ƙofa ta buɗe zuwa hotuna da bidiyo. Mutum yana sahun gaba a masallaci, abin yana aljihunsa yana sujada da shi. Ba kowane abin da ake jin kunyar a gani ne zunubi ba, tsakanin miji da mata akwai halal ɗin da sitirta shi wajibi ne. Amma kowa ya san bambancin a ransa. Hadisin Nawwas ɗan Sam'an (RA) a Muslim ya ba mu alamomin zunubi guda biyu: yana yi maka kai-kawo a ƙirji, kuma kana ƙin mutane su tsinkaye shi. Ibnu Majah kuma ya ruwaito daga Sauban (RA) labarin mutanen da za su zo ranar alƙiyama da ayyuka kamar duwatsun Tihama a sheƙe su, saboda in sun kaɗaita da abin da Allah Ya haramta sai su afka masa. Lambar sirri tana tare idon matarka da na mai gyara. Mala'ikun da ke rubutu ba sa neman ta.

Ba na cewa ka je ka tona wa kanka asiri. Wanda Allah Ya rufa wa asiri an hana shi ya wayi gari yana tallan laifinsa. Maganin shi ne gogewa da tuba. Ka goge, ka shiga kwandon shara na wayar ka sake gogewa, domin wayoyi da yawa suna riƙe hoton da aka goge har kwana 30. Ka fita daga zaurukan da suke kawo maka shi, don wanda ya share ɗaki ya bar taga a buɗe da iskar hunturu bai yi shara ba.

Saura abu ɗaya da muke mantawa: mai waya yana mutuwa. Makullan zamani suna da ƙarfi ƙwarai. A 2016 hukumar FBI ta Amurka sai da ta kai kamfanin Apple kotu tana neman ya taimaka a buɗe iPhone guda ɗaya ta maharin San Bernardino, kamfanin ya ƙi, daga baya ta biya wasu ƙwararru suka buɗe mata. To ina ga marayunka? Ɗan kasuwa zai rasu, bashin da ake bin sa da wanda yake bi da kuɗin ajiyar mutane duk suna cikin folda mai makulli, magada su yi rabo ba su sani ba, shi kuma yana kabari bashi na rataye da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hadisin Ibnu Umar (RA) a Bukhari da Muslim kuma ya nuna bai dace mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Rubutun da ba mai iya kaiwa gare shi bayan ranka bai biya wannan buƙata ba. Apple da Google duka suna da tsarin da za ka zaɓi wanda zai karɓi bayananka bayan mutuwa ko in asusun ya daɗe shiru. Mafi sauƙi gare mu shi ne littafi da biro: ka rubuta haƙƙoƙin mutane, ka sanar da amintacce ɗaya inda littafin yake.

In ka zauna da wayarka daren nan, kowane abu da ka kulle ka tambayi kanka: da za a ce ɗana ne zai buɗe wannan bayan an dawo daga jana'izata, zai gane uban nasa mai riƙon amana ne, ko kuwa zai rufe da sauri ya rasa wanda zai faɗa wa? Na farko ka ƙara masa makulli. Na biyu kada ka kwana da shi.

'Yar'uwa, ki ajiye yatsan bawan Allah, ki yi masa magana da safe. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau.

Wallahu a'alam.