Mai shan ƙwaya: mai laifi ne ko majinyaci?



Tambayar da za mu tsaya a kanta wannan Juma'ar ba baƙuwa ba ce a Agege, Mile 12 ko Idi-Araba. Yaron da shan tiramol ko kodin ya kama, mai laifi ne da za a hukunta, ko majinyaci ne da za a kai asibiti? Amsar da muka bayar ita za ta sa mu kore shi daga ɗakin da yake kwana, ko mu riƙe hannunsa. Don haka kafin hukunci, bari mu san abin da ƙwayar ke yi a jiki.

Ban da jijiyoyin jini, Allah ya sanya mana jijiyoyi masu kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. A ƙwaƙwalwa kaɗai akwai kimanin biliyan 86. Saƙo yana gudu a cikinsu kamar lantarki a waya, amma kowace jijiya ba ta manne da ta gaba ba, akwai 'yar tazara tsakani. Idan saƙo ya iso bakin tazarar, sai jijiyar farko ta saki wani sinadari, ya haye, ya faɗa gurbinsa a jikin ta biyu kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Ta haka muke jin zafi, yunwa, gajiya da daɗi.

Jiki yana da nasa maganin raɗaɗi, ana ce masa endofin. Tiramol da kodin suna shiga gurbin da aka yi domin endofin ɗin. Shi kodin ma hanta ce ke juya wani sashensa ya zama mofin. Da sun shiga, saƙon ciwo ya raunana, sinadarin dofamin mai sa a so maimaita abu ya ƙaru. To kun ga ɗan dakon da ya ce ƙwaya tana ba shi ƙarfi, ba ƙarfi ta ƙara masa ba. Bayansa na nan yana lalacewa, ɗan aiken da zai kawo masa labari aka rufe wa baki.

Idan abin ya ɗore, jijiyoyin sukan daina amsawa kamar da. Guda ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da bai samu ba kuwa sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, so yake ya tashi tsaye kamar kowa. Kuma irin waɗannan gurabe suna nan a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da numfashi. Shi ya sa wanda ya sha da yawa kan yi barcin da ba farkawa. Tiramol mai yawa kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

To, laifi ne ko ciwo? Wasunmu za su ce: ai ba wanda ya ɗura masa. Gaskiya ne. Hankali amana ne, yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo ta tsare, tare da addini, rai, zuriya da dukiya. Bayanin likita bai mayar da haram halal ba. Amma zaɓi ba girmansa ɗaya kullum ba. Ranar farko ƙofa a buɗe take wangame. Bayan shekara biyu ta ƙuntace, domin abin da mutum zai yi zaɓin da shi, wato ƙwaƙwalwar, ita ce ta taɓu. Da laifi ya shiga, ciwo ne ya riƙe shi. Wa'azi zai sa ya so fita. Fitar kanta tana buƙatar magani da lokaci.

Addininmu ya san da haka. Ba rana ɗaya aka haramta giya ba, mataki-mataki aka bi, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya. An yi masa haddi, amma da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ga hukunci, ga kuma mutuncin da ba a zubar ba.

Sannan fa laifin ba a kan yaron kaɗai ya tsaya ba. Mai sayarwa a tire ko a bayan shago, wanda hankalinsa ke lafiya lau, nasa zaɓin a buɗe yake kullum. Maigidan da ke ɗora wa yaro sauke tirelar albasa tun asuba, ya san da me yake jurewa, ya yi shiru don aiki na tafiya, shi ma ya tambayi kansa. Iyayen yaran nan suna Arewa, suna zaton a hannunmu suke.

Saboda haka, wanda ya san wani da ya kamu, kada ya fara da gori, kada kuma a ɗaure shi da mari a ce magani ne. A kai shi wurin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da na Aro a Abeokuta suna kula da masu wannan matsalar. In ya koma bayan ya daina, a sake kama shi, haka ciwon yake. In ya shigo masallaci, a matsa masa a sahu. Mai sayarwa kuwa a yi masa nasiha, in ya ƙi, a sanar da NDLEA ta hannun shugabannin unguwa.

Allah ya tsare mana hankulanmu, ya shiryi zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.