Yaron da Ya Faɗi Sau Dubu Bai Yi Fushi Ba

'Yar'uwa, ko kin taɓa jan kujera ki zauna kusa da ɗanki ki ga abin da yake bugawa a kwamfuta, maimakon ki tsaya a bakin ƙofa kina cewa ya kashe? Ni sai kwanan nan na yi, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Wasan da na tarar da shi a kai sunansa Celeste. Wasu 'yan tsirarun mutane ne a Kanada suka yi shi, ya fito a 2018, amma da gangan suka ba shi zane irin na da, kamar Super Mario na kamfanin Nintendo na 1985, wanda yayyenmu maza suke bugawa a talabijin. Wata yarinya ce, Madeline, take son hawa ƙololuwar dutse. Daga tsalle sai maƙale bango. Da ta yi kuskure sai ta faɗa kan ƙaya, nan take a mayar da ita farkon wurin. Wasan yana ƙirga kowace faɗuwa. Na leƙa lissafin ɗana, ya haura dubu.

To, wannan yaron ne fa idan lissafi ɗaya ya gagare shi zai jefar da fensir ya hau kuka. Ina ya samo wannan haƙurin? Me ya sa ba ya kawo mana shi gida?

Da na yi ta kallo sai na lura faɗuwar can ba ta da kunya a cikinta. Ba mai yi masa dariya, ba mai ce masa daƙiƙi, ba mai cewa "ka dubi ɗan wance". Yana ganin inda ya kuskure da idonsa, kafin ƙiftawa an sake ba shi dama. Mu kuwa, ki faɗi gaskiya, kuskure ɗaya sai mu haɗa masa da na bara, har da na ubansa.

Wata aminiyata ta ce kada in yaudari kaina, wannan ba haƙuri ba ne, ƙugiya ce aka sa masa. Tana da hujja. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, idan ta kai mutum yana fifita wasa a kan sauran lamuran rayuwarsa. Na ce mata wannan dai yana da ƙarshe, sau ɗaya ake saye, ba irin na waya ba ne da kullum suke neman kuɗi. Ta ce, ana kiran Magariba yana tashi? Na yi shiru, don "saura kaɗan, Umma" ba sau ɗaya na ji ta ba. Kuma ta ƙara da cewa jurewa a kan abin da rai yake so ba wuya, ko mu ma a bakin fim haka muke.

Ban musa mata ba. Sai dai nata zancen ya shafi yaron ne, nawa kuma ya shafe ni. Idan inji ya iya barin yaro ya kuskure ba tare da ya muzanta shi ba, ni da na haife shi me ya hana ni?

Jiya ya ɓata rabawa a aikin gida. Maganar ta zo mini har baki, na haɗiye, na ce, "Sake." Sai a karo na huɗu ya samu. Kwamfutar dai tana cikin durowata sai Asabar, kuma ya san dalili.