Ginin Gida Amana Ne: Nasiha Ga Matashi Kafin Ya Aza Tubali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu daga ƙasa kuma Ya zaunar da mu a cikinta domin mu raya ta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa matashi, na san abin da ke ranka. Kana tara 'yan kuɗinka na kabu-kabu, ko na awo, ko na albashi, domin ka sayi fegi, ka yi ɗaki biyu da zaure, ka kawo amarya. Wannan niyya ce mai kyau, Allah Ya cika maka ita. Amma kafin ka kira magini, akwai wata mas'ala da nake so mu yi bitarta tare. Idan ruwa ya rusa gida, ko zafi ya hana iyali barci a cikinsa, shin ƙaddara ce kawai, ko kuwa akwai abin da za a tambayi mai gini a kansa gobe ƙiyama?

Abin da ya canja a ƙasarmu

Garuruwanmu suna cika. Ƙauran Namoda ta bunƙasa tun da layin dogo ya iso ta a 1929, aka kuma kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. Yanzu kuma rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu daga ƙauyuka, sun shigo Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Gonar da ake noma gero bara, bana an yanka ta fegi-fegi. Kududdufin da kakanni suka bari yana tara ruwan unguwa, an cike shi da shara an sayar.

A lokaci guda kuma yanayi ya sauya. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa. Mu kuma mun ga ɗaya gefen. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A 2024 ruwa ya ci gidaje masu yawa a Gummi, nan cikin Zamfara, kuma a watan Satumba na shekarar madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. A watan Afrilu na shekarar 2024 zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Masana sun yi bayanin dalili. Hayaƙin da ake fitarwa daga ƙona fetur da gas da kwal yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Duniya ta ƙara zafi fiye da digiri ɗaya a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa za ka ga an yi kwanaki babu ɗigo, sannan a sheƙa ruwan wata guda a dare ɗaya. Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙaura, da Bunsuru da ya ratsa ƙasar Zurmi, duka suna gangarawa zuwa Rima, kuma idan suka cika ba su neman izinin kowa kafin su koma tsohuwar hanyarsu. Wannan bayani bai saɓa wa imaninmu ba, domin a Suratur Rum, aya ta 41, Allah Ta'ala Ya ba mu labarin cewa ɓarna tana bayyana a tudu da teku saboda abin da mutane suka aikata da hannuwansu.

Ƙaddara da riƙon sababi

Idan wani ya ce: ai ruwa na Allah ne, wanda aka rubuta gidansa zai faɗi sai ya faɗi, sai mu ce masa: gaskiya ne ruwa na Allah ne, kuma imani da ƙaddara rukuni ne daga rukunan imani. Amma wa ya ce maka ƙaddara ta hana riƙon sababi? Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi ya haɗa biyun, ɗaurewa da dogaro. Sayyidina Umar (R.A.) yana kan hanyar Sham ya ji labarin annoba, ya juya da jama'a, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Ga wani misali da ya fi kusa da maganarmu. A zamanin halifancin Umar, wata ambaliya ta shiga Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Me Umar ya yi? Ya mayar da Maƙamu inda yake, sannan ya sa aka yi shinge na duwatsu a saman Makka domin a karkatar da ruwa. Ɗakin Allah ke nan, wanda Allah da kanSa Ya kare daga mutanen giwa, amma halifa bai ce a zauna a naɗe hannu ba. To, kai wane ne da za ka gina a bakin rafi ka ce tawakkali kake yi? Sunan wannan sakaci, kuma a kan sakaci akwai hisabi, musamman idan rayukan mata da yara ne a ƙarƙashin rufin.

Haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya

Ka sani cewa mallakar fegi ba ta ba ka ikon yin duk abin da ka ga dama a cikinsa ba. Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma Ibn Majah ya ruwaito, ya hana cuta da cutarwa, kuma a kansa malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen gini. Wani magini a birnin Tunis da ake kira Ibnur Rami ya rubuta littafi guda a kan wannan fanni tun ƙarni na 14, yana bayanin hukuncin indararo da magudanar ruwa da taga da katanga. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan mallakar ƙasa da harabar da ake barin gari da rijiya da gulbi. Wato dai tsara gari fiƙihu ne tun kafin zuwan Bature.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya, a sa ta kamu bakwai. Da aka zana birnin Kufa a zamanin Umar, an ba manyan tituna kamu arba'in, lunguna kuma kamu bakwai. Yanzu dubi sababbin unguwanninmu. Wannan ya ci taku biyu na hanya da dakali, wancan ya tura ramin salga waje, na gaba ya toshe lambatu domin ya faɗaɗa shago. Idan damina ta zo, ruwan da ya rasa hanya sai ya faɗa gidan wanda ya fi kowa rauni, bazawara ko ɗan gudun hijira mai katangar ƙasa. Kai ka ɗaga gidanka da bulo, ka sumunce tsakar gida kaf, ka juya bututu zuwa bangon maƙwabci, sannan ka tsaya a sahun farko kusa da shi. Haba ɗan'uwa! Wanda ya sayar da fili a hanyar ruwa yana sane, ya ɓoye aibi a ciniki, kuma dillalin da ya taya shi yana da kaso a zunubin.

Bidi'ar da ake yi a harsashin gini

Abin takaici shi ne, da yawa daga masu barin sababi na halal su ne masu riƙon sababi na ƙarya. Za ka ga mutum ya je wurin boka a duba masa fegi, ya binne laya ko tulu a kusurwa huɗu, ya yanka baƙin bunsuru a zuba jini a harsashi wai don a sallami mutanen ɓoye. Yanka ga wanin Allah shirka ne, babu ja a ciki. Kuma ka tambayi kanka, wace laya ce ta taɓa tsayar da Gagare idan ya tumbatsa? Kuɗin bunsurun da na boka, da an sayi dutse da siminti an ɗaga harsashi, da ya fi amfani a duniya, ya kuma tsirar da imani.

Ginin ƙasa da ginin alfahari

Akwai kuma wata cuta a zukatan matasa, ita ce jin kunyar ginin ƙasa. Wai sai bulo da kwano da gilashi ne ci gaba. Alhali kakanninmu sun san yanayin ƙasarsu. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai ɗaki ya yi sanyi da rana, ya yi ɗumi a daren hunturu. Masallacin Juma'a na Zariya, da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a ƙarni na 19. Masallacin Yama na ƙasar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami lambar yabo ta duniya a 1986. A garin Dandaji kuma an kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji.

Bulo na siminti mai rami, da kwano babu silin, tanda ce a watan Afrilu. Mai gida ya gudu gindin bishiya, ya bar mai jego da jariri a ciki. Sai a koma sayen janareta da fetur domin a sanyaya abin da aka gina da zafi. Ga shi kuma sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ban ce siminti haramun ne ba, kada a yi mini ƙarya. Yana da wurinsa: harsashi, da ɗaurin ƙasa, da lambatu, da ban-ɗaki. Ginin ƙasa ma yana da rauninsa, domin idan gindinsa ya jiƙa ko aka bar shi babu yaɓe zai zube. Hikima ita ce a haɗa su. Abin zargi shi ne gini don a gani, irin wanda Annabi Hudu ya zargi Adawa a kansa a Suratush Shu'ara.

Abin da za ka aikata

Na farko, kada ka sayi fegi da rani sai ka tambayi dattawan wurin inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. In da hali ka je ka gan shi a watan Agusta. Fadama ta shinkafa ce da lambu, a bar mata aikinta.

Na biyu, ka ɗaga harsashi sama da titi da dutse da siminti, ka fitar da ruwan gidanka zuwa lambatu, kada ka tura shi ga maƙwabci.

Na uku, ka sa dogayen bangon ɗaki su fuskanci kudu da arewa, domin rana ta fi dukan gabas da yamma, kuma hadari daga gabas yake tasowa. Ka yi tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa. Idan kwano za ka sa, ka ɗaure shi da kyau, ka yi silin, ka bar kafar da zafi zai fita, ka kuma tsawaita bakinsa ya kare bango.

Na huɗu, ka bar wani sashe na tsakar gida ƙasa domin ruwa ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Ka tara ruwan rufi. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, ko milimita 600 kawai aka samu a shekara, yana zubar da lita 60,000, wato jarka 2,400 mai lita 25.

Na biyar, ka dasa itace tun kafin ka aza tubali: darbejiya a ƙofar gida, zogale da mangwaro a ciki. Idan ka tarar da gawo ko tsamiya a fegi, ka tsara gini ka kauce musu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 tun daga shekarun 1980, ta hanyar renon tohon da ke fitowa a gona maimakon sassabe shi.

Na shida, ku matasan unguwa ku haɗu da limami da mai unguwa tun ana yanka filaye, a ware hanya da lambatu da kududdufi da filin masallaci da na itatuwa. Bayan an gina, gyara sai da rigima.

Wata shubuha

Wani zai ce: ai manyan ƙasashe ne suka ɓata duniya, mu me muka yi? Gaskiya ne, Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, kuma waɗanda suka ɓata akwai haƙƙi a wuyansu. Amma ba Amurka ce ta cike kududdufin unguwarku ba, ba Sin ce ta sare gawon gonar mahaifinka ta yi gawayi ba. Kowa za a tambaye shi gwargwadon abin da aka ba shi kiwo. Wani kuma zai ce shi talaka ne. To, juya fuskar ɗaki ba ya cin ko kwabo, barin hanyar ruwa ba ya cin ko kwabo, dasa darbejiya kuwa jarka guda ce ta ruwa a mako.

Ya ɗan'uwa, gidan da za ka gina mai yiwuwa ya fi ka daɗewa a duniya. 'Ya'yanka da jikokinka za su kwana a cikinsa a shekarun da ake sa ran za su fi namu zafi. Ka gina musu abin da za su yi maka addu'a saboda shi, kuma ka fita haƙƙin maƙwabcinka tun kana iya gyarawa.

Allah Ya ba mu matsuguni na halal, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ruwan ɓarna, Ya dawo da zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da sauran ƙasashen Musulmi, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya yafe mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.