Dama ko Hagu: Ina Dokar Hanya Ta Samo Nauyinta?

Kafin ranar 2 ga Afrilu, 1972, duk direban da ya ɗauko gyaɗa daga Damagaram ya nufi Kano ta Matamaye da Daura, tilas ne ya sauya hannu a tsakiyar tafiya. A ƙasar Nijar hannun dama yake bi, kamar yadda Faransa ta bari. Da ya wuce Ɗan Barto ya shiga Kwangwalam sai ya koma hagu, irin na Ingila. Mota ɗaya, direba ɗaya, amma abin da yake daidai da hantsi ya zama laifi da azahar. A wannan rana ce Nijeriya ta koma dama, bambancin ya kau, sai dai tambayar da ya haifar tana nan: dokar da ke canzawa da zarar an tsallake iyaka, da wane dalili za ta hau wuyan mutum?

Masu raina dokar hanya suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kisa da sata munana ne a ko'ina, amma tuƙi a hagu laifi ne a Yamai, wajibi ne a Landan, Delhi, Tokiyo da Nairobi, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suke bin wannan hannu. Abin da ya zama haka, in ji su, son ran mahukunta ne kawai, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya kauce masa bai yi zunubi ba, tara kurum ya jawo wa aljihunsa.

Rabin wannan magana gaskiya ne. Dama ba ta fi hagu daraja ba. Gambiya ta koma dama a 1965, Saliyo a 1971, Gana a 1974, domin maƙwabtansu rainon Faransa a can suke bi. Samowa kuwa ta yi akasin haka a 2009, ta koma hagu don ta sami motoci masu rahusa daga Ostireliya da Niyu Zilan. A Suwidin, wajen kashi 83 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a sun ƙi canjin a 1955, amma majalisa ta zartar da shi, aka aiwatar da ƙarfe biyar na asubahin 3 ga Satumba, 1967. Haɗurra sun ragu na ɗan lokaci saboda kowa ya natsu, sa'an nan suka koma yadda suke da hankula suka kwanta. Wato sirrin yana cikin kulawar direbobi, hannun da aka zaɓa bai ƙara kome ba.

Inda hujjar ta karye shi ne a ƙarshenta. Kasancewar ana iya zaɓar wani abu dabam bai nuna cewa abin da aka zaɓa ba shi da nauyi ba. Masanin falsafa Dabid Luwis, a littafinsa na 1969 kan al'adar da jama'a ke haɗuwa a kai, ya kawo wannan misali na tuƙi: ba wanda ya damu da hannun da za a bi, amma kowa ya damu ƙwarai a ce hannu ɗaya ake bi. Motoci biyu masu fuskantar juna, kowace tana gudun kilomita 90 a sa'a, suna cinye mita 50 na tazararsu cikin daƙiƙa guda. Babu lokacin sallama, balle shawara. Direban da ke tahowa bai san sunan ɗan'uwansa ba, bai san yarensa ko addininsa ba, amma ya jingina ransa da na fasinjojinsa a kan zaton cewa wancan zai tsaya a gefensa. Hawa titi kansa ɗaukar alkawari ne ga baƙi, alkawari kuwa kaya ne. Mai karya shi amanar mutumin da ya yarda da shi ya ci, ko da babu jandarma a kusa.

Mutanen karkara sun san wannan tun kafin zuwan mota. A yankin Gamu, cikin gundumar Gure, inda manoma da makiyaya suke cuɗanya, tsohuwar dokar hanya ita ce ta burtali. Da an so, da an ratsa burtali ta gabashin gona maimakon yammacinta. Amma da zarar dattawa sun shata shi, manomin da ya shuka gero a ciki ya yi zalunci, haka ma makiyayin da ya bar shi ya kutsa gona. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tarar da wannan tsari ne, ta ba shi kariya. A turbar rairayi mai babur yakan ratse wa amalanke ko ayarin raƙuma ba tare da wani allo ba, domin an san juna, kunya ma tana aiki. Idan aka hau kwaltar da ta ratsa Gure daga Yamai zuwa Difa, sai a haɗu da waɗanda ba a taɓa gani ba, ba kuma za a sake gani ba. A nan rubutacciyar doka take maye gurbin sanayya. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun daɗe da karɓar al'adar gari a matsayin abin dogaro wajen hukunci, muddin ba ta saɓa wa nassi ba.

Sai dai ba dukan bambance-bambancen ƙasashe ne irin na dama da hagu ba. Akwai waɗanda awo ne tsakanin sauri da rai. Jamus ta bar wasu manyan hanyoyinta ba iyakar gudu, tana ba da shawarar kilomita 130 kawai. Faransa ta rage gudu a ƙananan hanyoyinta daga 90 zuwa 80 a 2018. Suwidin ta ɗauki manufa a 1997 cewa babu adadin mace-macen hanya da za a lamunta. A irin waɗannan, wata doka tana iya fin wata hikima, domin ƙoƙon kan ɗan Adam ba ya ƙara tauri idan ya tsallake iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi asara idan aka auna da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Saboda haka ɗan kabu-kabun da ya ɗora mutum uku ba hular kwano bai kuɓuta ba don an yi masa shiru. Doka tana faɗin mafi ƙarancin abin da ake bin mutum. Sauran lamirinsa ne zai biya.

Akwai ƙorafi mafi wuyar amsawa. A wurare da yawa direba ba ya ganin doka sai a shingen bincike, inda takan zama dalilin karɓar na goro. Wanda ya saba sayen hanyarsa da ƴan kuɗi, yaya zai girmama abin da ake sayarwa? Amsar ita ce bashin ba na mai kaki ba ne tun farko. Na yaron da ke kora awaki a bakin titi ne, da matar da ke bayan a-kori-kura ranar kasuwa. Amma laifin jami'in da ya sayar da doka ya fi na direba girma, domin direba alkawari ɗaya ya karya, shi kuwa ya koya wa dubban mutane cewa babu alkawarin sam.

Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirga ba ta tilasta wa kowace ƙasa dama ko hagu ba. Abin da ta nema shi ne hannu ɗaya a hanyoyin ƙasa guda. Masu tsara ta sun gane cewa ƙasashe suna iya saɓawa a kan zaɓi, amma mutum biyu da ke fuskantar juna a kan kwalta ɗaya ba su da wannan dama. Baƙon da ya bi dokar garin da ya sauka bai zubar da ta gidansu ba, domin abin da ta gidansu ta nema gare shi ke nan tun asali: kada ya ba wanda ya amince da shi mamaki a inda mamaki ke kisa.