Mai Cewa Dakata

Tambayata ta yau ita ce, wanda ya tsayar da ke a hanya, masoyinki ne ko maƙiyinki? Mu nan Lolo, bakin iyakar Benin, mun san haushin shinge. Kin ɗauko kaya kina sauri, a ce dakata a duba. Wallahi ba mai son jin kalmar nan.

To ashe a jikinmu ma Allah Ya ajiye irin wannan mai gadi. Naman jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace kan rabu biyu don a samu sabuwa. A 1979 masana suka gano wani furotin da ake kira p53. In ƙwaya ta samu tangarɗa, shi ke cewa dakata a gyara. In ba ta gyaruwa, ya sa ta mutu don sauran su tsira. Ran da ya yi shiru, lalatacciyar ta dinga hayayyafa ba ji ba gani, ciwon daji ke nan.

Sankarar bakin mahaifa haka take farawa. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta saduwa (har ta aure, kada wata ta yi wa wata kallon banza), ita ke kashe bakin mai gadin. Kuma ba ta gaggawa, sai ta yi shekara 10 ko 20 tana ɓarna a ɓoye.

Abin da ke cin raina, mu ma muna kashe bakin namu masu gadin. Mace ta ga jini bayan kwanciya da maigida, ko bayan ta daina al'ada, ta yi gum, wai kunya. Ƙawar da ta ce mata je asibiti, a ce ta cika shisshigi. Wata ma a ɗora wa kishiya, wai sammu. Ni ban musa kunya ado ce ba, amma kunyar da aka yaba ta barin saɓo ce. Ɓoye ciwo har ya ci ƙarfi, wane lada ke ciki?

Tun Oktoba 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, allura ɗaya, kyauta. Kai 'yarki, Yaya. Ke kuma da kike ganin jinin, na san kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ba wasa ba ne, amma ki faɗa wa maigida a daren nan, ya nemo.